Yadda ake yi wa saniya allurar zuba ƙwai da yawa, daga ranar farko har ranar wanke mahaifa

Salamu alaikum jama'a masu kiwo. Tun ranar da maganar nan ta suɓuce min a kasuwar shanu ta Tulaku nan Gana mutane ke tare ni, wani ma har gida Nima ya biyo ni bayan isha'i wai shi dai in rubuta masa sunan allurar da ake yi wa saniya ta haifi maruƙa shida a shekara ɗaya. Toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Allurar akwai ta, amma ba saniyar ce za ta haifi shidan da cikinta ba. Ita ƙwai kawai za ta zuba da yawa, a ɗura mata maniyyin bijimi mai kyau, bayan kwana 7 a wanko 'yan tayin daga mahaifarta tun ido bai iya ganinsu, a rarraba wa wasu shanu su ɗauki cikin su haifa mata.

Ga yadda abun yake a cikin jikinta. Saniyar da ba ta da ciki tana neman sa kusan duk kwana 21, kuma ƙwai ɗaya take saki. Amma ba ɗaya ne ke tasowa ba, ayari guda suke tasowa a gidan ƙwai, sau biyu ko uku a cikin kwanakin nan, sai ɗaya ya fi sauran girma ya danne su su shanye, kamar dai babban rago a bakin kwanon dusa, shi kaɗai zai ci sauran suna kallo. Allurar da ake tambaya sunanta FSH, aikinta shine ta ba wa sauran abinci su ma su girma tare da shi. Shi yasa lokacin da aka fara allurar ya fi yawanta muhimmanci, dole a fara ta daidai lokacin da sabon ayari ke tasowa kafin babban ya kama iko. Abun ba sabo bane, tun 1951 aka haifi maraƙin farko ta wannan hanyar a Wiskonsin ta Amurka, a da sai an yi wa saniya tiyata, daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma wankewa ba yanka. Waɗanda muka fi ƙaruwa da su mu a nan sune mutanen Barazil, don shanunsu na Nelore masu tozo ne irin namu.

Kafin ka sayi ko sirinji ɗaya, ka tabbata kana da abu uku a hannu. Likitan dabbobi wanda ya taɓa wanke mahaifa da hannunsa kuma yana da kayan aikin, ba wanda ya gani a YouTube ba. Ka tambaya a makarantar likitan dabbobi ta Legon ko ta KNUST a Kumasi ko ofishin likitan dabbobi na yankinku, su suka san wa ke yi. Na biyu shanun da za su karɓi cikin. Na uku firij da baya mutuwa in dumso ta zo, wato in an ɗauke wuta. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, dan Allah ka ajiye kuɗinka ka sayi dusa, don in an fara babu tsayawa, ranar wanki ba a ɗaga ta ko da kwana biyu.

Wace saniya ta cancanta? Ba wadda kake so ba, wadda ta nuna aikinta. Ta haihu aƙalla sau biyu ba wahala, maruƙanta suna saurin girma da cika nama, ta wuce kwana 60 da haihuwa, kuma an ga ta nemi sa sau biyu a jere a kan lokaci. Kada ta zama ramammiya, kada kuma ta zama irin ta layya da kitse ya rufe mata gindin wutsiya, mai kitse da yawa bata amsa allura sosai. Wata biyu kafin a fara a gyara mata ci, dusar alkama, harawa in ka samu, ɓawon rogo busasshe, gishirin lasa da ruwa mai tsabta, kuma kar a canza mata abinci ana tsakiyar allura. Maganin tsutsa, wankan kaska, rigakafi, maganin sammore in wajenku akwai tsando, duk a gama su tun da wuri. A gwada jininta saboda bakkale, ita da masu karɓa, wannan ciwon yana zubar da ciki kuma yana kama mutum. Sannan likita ya sa hannu ko na'urar sikanin ya tabbatar babu ciki, saboda ɗaya daga cikin alluran nan tana zubar da ciki, kuma a garken da bijimi ke yawo dare da rana kar ka yarda da "ai bata da komai" sai an duba.

Maganar lokaci kuma, mu a Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) ni na fi son Yuli da Agusta. Gari yayi sanyi, ciyawa ta samu, kuma cikin da aka dasa a Yuli zai faɗi wajen Afirilu ko Mayu daidai shigowar damina. Zafin Fabrairu da Maris yana lalata ƙwai tun kafin a wanko shi.

Yanzu magungunan. Babban cikinsu FSH ne, wanda aka fi sani sunansa Folltropin-V, akwai kuma Pluset da Stimufol. Folltropin gari ne a kwalba, miligiram 400, ana narka shi da ruwansa mil 20, kaga kenan kowane mil 1 miligiram 20 ne. Mu dai sai da aka yi mana oda daga waje, kuma a cikin kula, akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara ya iso. Sai CIDR, wata roba ce mai kama da harafin T da ake sakawa a farjin saniya tana sakin furojestaron a hankali, tana riƙe ta kar ta nemi sa sai ranar da aka cire. Sai allurar furostagilandin, Estrumate mil 2 ko Lutalyse mil 5, ita ce ke narkar da abun da ke hana saniya neman sa. Sai GnRH, irin su Receptal ko Fertagyl, mai sa ƙwayayen su fashe su fito lokaci guda. Sai estiradiyol da ake bugawa ranar farko.

Abu ɗaya da bazan ɓoye ba tunda yawancinmu musulmi ne: FSH ɗin nan daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar alade ake tatso shi. Ni na je na tambayi malaminmu kafin in taɓa, kai ma ka je ka tambayi naka, ba ni zan ba ka fatawa ba. Akwai sabon samfuri da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje ba daga dabba ba, wasu ƙasashe sun fara amfani da shi. Akwai kuma tsohuwar hanya, eCG, irin Folligon, daga jinin goɗiya mai ciki ake samunsa, allura ɗaya tak, yunit 2000 zuwa 3000. Mutane suna sonta don sauƙi da araha, amma tana daɗewa a jini kwana da kwanaki, sai gidan ƙwai yaci gaba da kumbura bayan an gama buƙata, 'yan tayi su lalace. Ni bana ba da shawararta ga saniyar da kake ji da ita.

Gargaɗi kan furostagilandin, wannan ba wasa bane: mace mai ciki da mai asma kar su taɓa kwalbar, yana shiga ta fata. A sa safar hannu, in ya zuba a wanke da sabulu nan take, kuma kar a ajiye shi inda uwargida ke ajiye kifi da tumatir.

Toh ga jadawalin, irin wanda ba sai ka zauna gadin ranar neman sa ba.

Ranar 0, kowace rana ce ka zaɓa, a wanke bayan saniya a saka CIDR, a buga estiradiyol miligiram 2 zuwa 2.5, wasu likitoci suna haɗawa da allurar furojestaron. Wannan yana kashe tsohon ayarin ƙwai, sabo ya taso bayan kamar kwana 4. A Turai an hana amfani da estiradiyol a dabbobin ci, inda babu shi ana amfani da GnRH a fara FSH bayan awa 36, likitanka zai zaɓa. Igiyar CIDR da ke leƙowa a rage mata tsawo, maruƙa da sauran shanu suna jan ta da baki, ka wayi gari ka tsinci robar a cikin kashi.

Ranar 4 da safe ake fara FSH, kuma a nan aikin yake. FSH baya daɗewa a jini, cikin kamar awa 5 rabinsa ya tafi, shi yasa ake yinta safe da yamma, tazarar awa 12, kwana 4, allura 8, a tsoka, ana rage yawan kullum. In ka fara shida na safe toh shida na yamma ne, ba bayan an dawo daga ɗaurin aure ba.

Nawa ake bugawa? Nan ne mutanenmu ke halaka kuɗi. Takardar cikin kwalin an rubuta ta ne don manyan shanun Turawa marasa tozo irin su Angus da Simmental, su suna shan miligiram 260 har 400. Shanu masu tozo, Bokolo, Bunaji, Rahaji, Brahman, sun fi jin maganin nesa ba kusa ba, kuma dama suna da ƙananan ƙwai da yawa a gidan ƙwansu. A Barazil Nelore miligiram 100 zuwa 133 ma ana yi mata ta amsa. Don haka mai tozo tsakanin 100 da 200 ake zagayawa, karsana ƙasa da babbar saniya, Sanga da gajerun shanun nan namu kuma ƙananan jiki ne sai likita ya duba nauyi. In ka cika mata kwalba guda don kwaɗayi, gidan ƙwai zai kumbura kamar lemu, ƙwai da yawa amma yawancinsu ko maniyyi basu karɓa ba, kaga anyi ba'a yi ba. Misalin miligiram 160, wato mil 8:

Ranar 4: mil 1.6 safe, 1.6 yamma
Ranar 5: mil 1.2 safe, 1.2 yamma
Ranar 6: mil 0.8 safe, 0.8 yamma, kuma a buga furostagilandin da safe, da yawa suna maimaitawa da yamma
Ranar 7: mil 0.4 safe, 0.4 yamma, a cire CIDR da yamma
Ranar 8: GnRH da safe, ɗura maniyyi da yamma
Ranar 9: ɗura maniyyi na biyu da safe
Ranar 15: wanke mahaifa

Ka nemi ƙaramin sirinji mai mil 2 ko 3, babban sirinjin da ake maganin tsutsa dashi bazai nuna maka 0.4 ba. Sabuwar allura kowane lokaci. Ka rubuta jadawalin a kwali ka manna a jikin shinge, duk wadda aka yi a ja mata layi. Ga shanun Turawa ana jinkirta GnRH zuwa yammacin ranar 8, komai na bayansa ya matsa da awa 12.

Bari in faɗa muku abun da ya same ni a karon farko don kar wani ya maimaita. Shanunmu suna can bayan Afienya wajen wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa, tun zamanin mahaifina yake riƙe da su. Ni kuma da wayona na ce maganin tsada ne bazan bar shi a ruga ba, sai na ajiye a firij ɗinmu a Nima ina kai wa safe da yamma a kula. Ranar 5 da yamma ruwa ya sauko, tirafik ya tsaya cak tun kafin in hau motowe, babbar hanyar nan ta Tema, ban iso ba sai kusan sha ɗaya na dare, ƙanƙarar kula ta zama ruwa. Na tarar da Baffa zaune bakin shinge da tocila ya ɗaure saniyar tun la'asar. Bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi, "Ɗana, saniya bata san motowe ba. In aikin nan na awa ne, kawo tabarmarka nan." Na ce "Baffa ayi haƙuri, na ji." Washegari na kwaso kayana da ƙaramin firij mai sola, amma an riga an yi ɓarnar, ranar wanki biyu kacal muka samu masu kyau. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni, nace masa mai allura a ruga yake kwana daga ranar 4 zuwa ranar 9.

Wani abun da Baffa ya koya min wanda babu a takarda: yadda ake kama saniyar. In kullum sai an bi ta da gudu an jefa igiya an kayar, sau biyu a rana, tsoro kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Mun kafa itace biyu muka yi ɗan matsi, sati biyu kafin a fara kullum a cikinsa take cin dusarta, har ta saba tana shiga da kanta. Ranar allura tana ci yana shafa wuyanta yana mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ni kuma in soka, ko ɗaga kai bata yi.

Akwai tsohon tsari ga wanda bai samu CIDR ba. Ka ga ranar da ta tsaya wasu shanu suka hau ta, ka ƙirga kwana 9 zuwa 11, ka fara FSH, rana ta uku a buga furostagilandin, bayan awa 36 zuwa 48 za ta nemi sa, a ɗura maniyyi awa 12 da awa 24 bayan ta fara tsayawa, a wanke kwana 7 bayan nan. Yana aiki, matsalarsa ita ce mai tozo neman sa ɗinta gajere ne kuma sau da yawa cikin dare take yi, in makiyayi bai da ido sosai sai a kuskure lissafi tun daga tushe.

Maniyyi kuma kar ka yi rowa. Ƙwayayen ba lokaci guda suke fitowa duka ba shi yasa ake ɗurawa sau biyu, wasu ma tsinken maniyyi biyu suke sawa a karon farko. Daskararren maniyyi a narka shi a ruwan ɗumi digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30 zuwa 40, da ma'aunin zafi ba da yatsa ba. In bijimi ne mai rai kake da shi kuma ka yarda da shi, ana iya haɗa su, amma shi kaɗai, a killace.

Masu karɓar ciki, waɗannan su ake mantawa kuma su ne rabin aikin. Ba sai masu asali ba, saniya ce dai lafiyayya mai nono, mai faɗin ƙugu, wadda bata wahalar haihuwa, maraƙin bazai ɗauko kamanninta ko kaɗan ba. Sharaɗin shine ta nemi sa rana ɗaya da uwar ƙwai, bambanci kar ya wuce awa 24. Ana daidaita su da CIDR su ma, ko furostagilandin sau biyu tazarar kwana 11 zuwa 14, kuma tasu allurar ta ƙarshe ana riga ta uwar da awa 12 zuwa 24 don ita mai FSH a jiki ta fi saurin amsawa. Ka shirya kamar 8 ko 10 wa saniya ɗaya, ranar dasawa likita zai duba ya fitar da wasu. Kuma a raba su da bijimi tsaf, in ba haka ba wata tara kana jiran Brahman sai ka ga ɗan bijimin maƙwabci.

Ranar 15 aikin likita ne, kai naka ruwa mai tsabta, inuwa da ɗaki mara ƙura. Zai yi mata allurar kashe zafi a gindin wutsiya, lidoken kamar mil 5, sai kaga wutsiyar ta saki. Hannu ɗaya ta dubura, ɗayan yana tura wani siririn tiyo mai 'yar balan-balan a baki ta wuyan mahaifa, ya hura balan-balan ɗin ya toshe hanya, ya riƙa zuba ruwan wanki na musamman yana tatsowa, ɓangaren dama sannan na hagu. Ruwan yana bi ta wani ɗan kofi mai rariya da ke tare 'yan tayin. Daga nan sai madubin likita. Ranar da ya ce in leƙa, wallahi na daɗe ban ɗago ba, wani ɗan dunƙule ne kamar 'ya'yan inabi a cikin zobe mai haske, bai kai ƙwayar gishiri ba, wai wannan ne sa mai tozo nan da shekara uku. Zai ware su daraja-daraja, na ɗaya da na biyu su ake so, waɗanda basu karɓi maniyyi ba da matattu a zubar.

Kar ka sa rai da yawa. A duniya matsakaicin abun da ake samu masu kyau a wanki ɗaya bai wuce 5 zuwa 7 ba, wata saniyar ta ba da 15, wata ko ɗaya, kuma ba abun mamaki bane a cikin shanu huɗu ko biyar ɗaya ta ƙi amsawa duk da an yi komai daidai. Cikin waɗanda aka dasa ɗanye kamar 6 cikin 10 ke zama ciki in masu karɓa suna da kyau, wanda aka daskarar ya ɗan yi ƙasa da haka. Kaga shida ɗin da mutumin Nima ke nema, in an yi sa'a uku ko huɗu ne za'a haifa.

Dasawa a ranar ake yi, cikin 'yan awanni. Likita zai taɓa gidan ƙwan mai karɓa ya ji wane gefe ne ya saki ƙwai, a wannan gefen na mahaifa zai ajiye ɗan tayin da tsinken roba mai mil 0.25. In sun fi masu karɓa yawa sai daskarewa a tukunyar naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ita ma sai da na'urarta kuma sai ana ƙara mata ruwan naitirojin kar ta bushe, wannan a yi maganarsa da likita tun ranar 0 ba ranar 15 ba.

Ana gama wanki a buga wa uwar ƙwai furostagilandin. Kar a manta da wannan, don in wasu 'yan tayi sun maƙale a ciki sai ta ɗauki cikin 'yan uku ko huɗu, wanda zai iya kashe ta. A bar ta ta huta kwana 45 zuwa 60 kafin a sake, kuma bayan sau biyu ko uku a bar ta ta ɗauki nata cikin. Ka rubuta adadin maganin da aka yi mata da abun da ta bayar, saniyar da ta amsa da kyau yawanci haka take maimaitawa, kuma da wannan rubutun za'a gyara awon karo na gaba. In akwai wadda za ka kai Tulaku ko mayanka a cikinsu, duba kwanakin jira da ke jikin kwalin kowane magani tukuna.

Masu karɓa kuma a bar su a inuwa, ba doguwar tafiyar kiwo, ba canjin abinci, ba bijimi. Wadda ta sake neman sa bayan kamar sati biyu da dasawa, nata bai zauna ba, a fitar da ita. Sauran likita ya dawo da sikanin bayan wata ɗaya, a sake dubawa a wata na biyu, sannan ka ɗaura wa kowace igiya mai launi a wuya ka rubuta ranar haihuwarta a kwalin nan na jikin shinge.